Ƙuduji a Bangon Kubura

A Kafin Alheri, ɗan ƙauyen nan da ke maƙale a gindin duwatsu, tafiyar hantsi daga Dutse, akwai wata ciyawa da ba a kama sunanta tun daga ruwan shuka har a ɗaure dawa. Sunanta ƙuduji, wasu su ce wuta-wuta. Ita ce mai laɓewa a ƙarƙashin ƙasa ta kama saiwar dawa ko ta gero tana tsotsa, sai ta gama da shuka sannan ta leƙo waje ta yi fure. Furen kuwa kyakkyawa ne, ja-ja mai sirkin shuni, kamar wadda aka gayyata biki. Mutanen garin sun yi imani tana da kunne, in ka kira ta za ta amsa. Saboda haka "baƙuwa" suke ce mata. Manomi ya dawo daga gona fuska a murtuke, a tambaye shi ko lafiya, ya ce, "Baƙuwa ce ta sauka." Kowa ya gane, a ce Allah ya kyauta, a sake zance.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta bin wannan ladabi, ita ce Kubura mai ƙuli-ƙuli. Takan ce ita ba ta taɓa ganin baƙon da zai cinye tuwon gida ya bar masu gida da lasar kwano ba, a kuma ci gaba da yi masa kunya. Ɓarawo sunansa ɓarawo, ƙuduji sunanta ƙuduji.

A gidan masu matsar man gyaɗa aka haifi Kubura, ta tashi hannunta kullum da maiƙo. Aka aurar da ita ga Arzika magini, mutum mai sanyin hali wanda in ya yi magana sau uku a yini an ce yau ya yi surutu. Ita ta riƙa yi musu ta mutum biyu. Allah ya ba su 'ya ɗaya da ta rayu, ta yi aure can wajen Taura. Da yake babu ɗa namiji da zai miƙa wa Arzika laka, Kubura ce ta koyi kwaɓa ƙasa, ta koyi jiƙa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa yaɓe ya yi ƙarfi, har hannunta ya fi na wasu magina laushi a jikin bango. In ya dawo daga yi wa masu hali adon soro sai ta tsokane shi. "Yau ma ƙulle-ƙullen nan naku aka yi? Ku magina kamar masu sayar da igiya. Duk abin da Allah ya shimfiɗa a daji ba ku gani ba?" Shi dai sai ya yi murmushi ya wanke hannu.

Yadda ta gano sirrin mai kuwa, ba wani malami ne ya koya mata ba, ƙazanta ce. Wata rana tana cikin matsa, tunkuza ta cika mata hannu, akuya ta sa kai a kwanon gyaɗa. Ta zabura ta kore ta, ta dafa bangon da aka shafe da jar ƙasa. Shatin yatsunta biyar ya zauna, ja wur, yana ƙyalli. Aka yi wata, aka yi shekara, sauran bangon ya koɗe, yatsun Kubura suna nan kamar jiya ta dafa. Daga nan ta fara niƙa jar ƙasa da farar ƙasa a kan dutsen niƙa tana kwaɓawa da mai a kasko. Ta roƙi guntun shuni a marina. Ta tono saiwar rawaya. Ta gano in ta haɗa shuni da rawaya kore yake fitowa, ranar kuwa sai da maƙwabta suka leƙo jin guɗa, suna zaton haihuwa aka yi.

Ginin ƙarshe da Arzika ya yi a duniya shi ne zauren gidansu, mai faɗin ƙofa, yana kallon hanyar da kowa ke bi zuwa gona. Da ya gama yaɓe bangon da ke fuskantar ƙofar, ya bar shi sumul, babu ko layi ɗaya. Ya ce, "Ga naki. Ki zuba dajin naki mu gani." Bai gani ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin kaka, a shekarun nan da labarin Nasara, wato Bature, ya daina zama labari ya koma abin da ake gani da ido.

Bayan ta fita takaba ta kama aikin, kuma sai da ya ci rani biyu. Ba shafa launi kawai take yi ba. Yumɓu take kwaɓawa da makuba ta manna a bango, ta tayar da shi da babban yatsa, ta gyara bakinsa da sakaina, har kowane kunnen fure ya tsaya da kansa, makaho ma ya shafa ya faɗi sunansa. In ya bushe ta bi shi da launi mai mai, da tsinken da ta tauna bakinsa ya yi gashi, wurare masu ƙanƙanta kuma da gashin kaza. A sama ta jera duwatsun garin, ɗaya bisa ɗaya kamar yadda suke, har da wanda ya karkace da ake cewa tun zamanin kakanni yau zai faɗo gobe zai faɗo. Ta sa dabino uku a gefensu, da kukar bakin rijiya. Ƙasa da su ga fadama, bado ya buɗe fari tas a kan ruwa, duman kada ya bi gaɓa. Ga tafasa da 'yan furanninta rawaya. Ga tumfafiya ma, wadda ko akuya ba ta girmamawa. A can ƙasa, daidai inda idon mai wucewa zai fara sauka, ta yi gonar dawa, a gindin dawar kuma ta tsayar da ƙuduji guda tara, a miƙe, cikin ado. Launinsu da karan dafi ta haɗa shi, wato jan da ake samu a jikin dawar kanta. Ta ce ai daidai ke nan, jinin dawa ta sha, da shi za a zana ta.

Shekarar farko mutane suka yi gunaguni suka wuce. Mata kan shigo sayen ƙuli su tsaya baki buɗe, su shafa bado, su tsallake ƙasan bangon da ido. Shekara ta biyu ce ta zo da magana. Ana tsakiyar damina aka aiko a ɗebi maza majiya ƙarfi zuwa aikin hanyar da Nasara ke so a fasa. Suka yi kwana ashirin da wani abu suna haƙa da ɗaukar dutse, daidai lokacin da ya kamata a bi kunya-kunya ana tuge baƙuwa tun ba ta yi 'ya'ya ba. Da suka dawo, gonakin arewacin gari sun yi ja-ja kamar an shanya zannuwan amare, dawa kuwa ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya.

To, Nasara ba ya zaune a Kafin Alheri, kuma ko yana zaune ba a san ta inda ake fara yi masa faɗa ba. Kubura kuwa ga ta nan, ƙofarta a buɗe.

Mai Unguwa Nata'ala ne ya zo da kansa. Shi da Kubura taubasai ne, ɗan kawunta ne, tun suna yara suke zagin juna ba a shiga tsakani, rawanin da aka naɗa masa bai rage komai ba sai dai ya ƙara mata abin tsokana. Ya tsaya a bakin zaure ya ba bangon baya.

"Salamu alaikum. 'Yar gwaggo, kin jawo mana."

"Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, shigo mana. Ko wuyanka ne ya sanƙare?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Mu sunanta ma ba ma kira, ke kin gina mata ɗaki, kin shafa mata mai, kin zaunar da ita tana kallon hanya. Duk wanda ya wuce gona sai ta bi shi."

"Wa ke nan?"

"Kin sani."

"Ƙuduji?"

Nata'ala ya toshe kunnuwa da hannu biyu, har rawanin ya zame. "A'uzubillahi! A tsakiyar damina!"

"Kai dai faɗi gaskiya, ɗan kawu. An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya kwashe muku maza kwana ashirin ba ka je ka ba shi baya ba."

Da ya ga ba zai iya da ita ba, sai aka kai maganar gaban Malam Hussaini, mai makarantar allo kuma limamin garin. Malam ya zo ya tsaya gaban bangon ya daɗe yana kallo, har ya kai hannu ya taɓa dutsen nan karkatacce, kamar zai gyara masa zama. Ya ce abin da aka yi hani a kai shi ne surar mai numfashi, mutum ko dabba, nan kuwa bai ga ko fara ba. Ya ce kuma babu tsiron da ke fitowa sai da izinin Mai shi. Jama'a suka ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam," suka gyaɗa kai, sannan wani daga baya ya ce, "To yaushe za a shafe?" Malam ya tattara rigarsa ya ce, "Fatawa kuka tambaya, na ba ku. Tsoro kuwa ba shi da babi a littattafaina."

Aka yanke a shafe ƙasan bangon da farar ƙasa. Wanda aka sa shi ne Sale, magidanci mai iyali shida, wanda gonarsa ta fi ta kowa ƙonewa. Ya shigo da ƙwarya da tsumma, ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa.

"Iya, ki yi haƙuri. Ko dami goma ba zan ɗaure ba bana."

Nan Kubura ba ta yi wasa ba. Ta ce, "Na san zafinka, Sale. Shafa, in zai sanyaya maka rai. Amma ba za ta tafi ba."

Ya shafa, ya maimaita, bangon ya yi fari fat. Gari ya yi ajiyar zuciya. Kwana uku aka yi. A na huɗu wata mata ta shigo sayen mai, ta saki ƙara ta fita ta bar kwalbar duma a ƙasa. Mai ya huda farar ƙasa ya fito, launi ya biyo shi, ga ƙuduji tara a tsaye, sai ma farin ya ƙara musu haske.

Kubura ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wa duk wanda ya zo kallo, "Yo ba halinta ba ke nan? Ku sare kai ku bar gindi, ku ce kun yi noma."

Karo na biyu aka ce a yaɓe wurin da laka mai kauri. Da akwai magini a cikinsu da ya gaya musu laka ba ta kama mai, amma maginin garin yana kabari, matarsa kuwa ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ga dalilin yin karambani ba. Yaɓen ya bushe, ya tsage, ya fara ɓamɓarowa. Kuma ba ko'ina ya ɓamɓaro ba, sai daidai kan furannin, inda mai ya fi yawa. Ɗaya ta leƙo ranar Lahadi, biyu ranar Litinin. Kafin Laraba duk tara sun fito, kowace ta tagarta. Wasu suka daina bin hanyar, suka riƙa zagayawa ta bayan kududdufi, tafiyar da ta ninka biyu.

Sai Mai Unguwa ya aiko cewa ranar Alhamis da hantsi za a rushe bangon. Wannan bangon kuwa shi ke ɗauke da azarar zauren, in ya faɗi zaure ya faɗi, aikin Arzika na ƙarshe da na Kubura na rani biyu su zama tudu ɗaya. Maƙwabta suka ba ta shawara ta tafi Taura wajen 'yarta har a gama, kada ta gani da idonta. Ta ce ba inda za ta, gidanta ne.

Ranar Alhamis maza takwas suka iso da gatura da diga, wadda suka koyi riƙewa a aikin hanya. Suka tarar an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, ga faifan ƙuli-ƙuli mai zafi, ga ƙwaryar kunu. Kubura na zaune a dokin ƙofa da sabon zane.

"Sannunku da zuwa. Ku fara taɓawa, ba a aikin gayya da yunwa."

Suka kalli juna. Da kuka suka tarar ko zagi, da sun san yadda za su yi. Suka zauna suka ci, kowa na kaffa-kaffa. Can sai ga Nata'ala ya ɓullo, yana kora jakunansa biyu, kowanne da mangala a baya.

Kowa a ƙasar nan ya san darajar ƙasar tsohon bango. In katanga ta faɗi, kafin mai ita ya gama salati an fara zuwa da jakai, domin in ka zuba ta a gona ta fi taki. Nata'ala bai yi wani dogon tunani ba. Ya ji za a rushe bango, ƙafarsa ta kai shi turken jakai, kamar yadda ta saba tun yana saurayi.

Kubura ta dube shi, ta dubi jakan, ta bari sai da ya ɗaure su.

"Ranka ya daɗe, waɗannan bayin Allah fa? Su ma kallo suka zo?"

"Ƙasar za a kwashe, kada ta tare hanya."

"A kai ina?"

"Gona ma..." Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe.

"Gonar wa?"

Wani ya ajiye ƙulin da ya kai baki.

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Ku saurare ni, ku manoma ne, ni mai tuyar ƙuli ce, sai ku gyara mini in na yi kuskure. Ƙuduji in ta nuna," suka runtse ido da jin sunan, ba ta kula ba, "ana girgiza ta? Ana dukanta da sanda? 'Ya'yanta ba kamar toka suke ba, ka taɓa su tashi? To ga ta nan ta shekara biyu a bango tana nuna. In akwai iri a jikinta, bismilla, ku daka, ɗan kawuna ya kawo jakan da za su kai masa har gida. In kuwa babu iri, me kuka zo yi da gatura gidan gwauruwa?"

Nata'ala ya share zufa. "Ba sai gona ba. A zuba a kududdufi."

"Madalla. Inda ruwa ke cika ya gangara fadama."

"To a bar ta nan inda ta faɗi!"

"Ya fi sauƙi. Ruwan zaurena dai ka san inda yake bi." Ta nuna bayan gida da haɓa. Gonar da ke jingine da bayan gidan, mai dawa kore shar wadda baƙuwa ba ta taɓa ba, ta Mai Unguwa ce.

Sale ne ya fara jingine digarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙurar da za ta tashi a rigata za ta sauka, riga kuwa ita ke nan gare ni, da ita zan shiga gona." Na kusa da shi ya tuna bai ba tumakinsa ruwa ba. Wani ya ce dama ƙotar gatarinsa tana girgiɗi. Kafin a jima saura Nata'ala da jakunansa, da Malam Hussaini da ya zo wucewa ya tsaya a gindin kuka yana fama da wani tari da bai yi kama da tari ba.

Sarauta ba ta tashi hannu wofi. Nata'ala ya gyara rawani ya yanke hukunci da ƙarfi, don waɗanda suka yi nisa su ji: bango ya tsaya, amma daga ruwan shuka har kaka a rataya asabari a ƙofar zauren.

"Na ji, na bi," in ji Kubura. "Ɗebi ƙuli ka kai wa iyali. Jakan ma sun sha wahalar banza."

Ta rataya asabarin kuwa, sabo fil. Sai dai ba a taɓa ganinsa a sake ba, kullum a naɗe yake can sama. Da Nata'ala ya yi magana ta ce hukunci cewa ya yi a rataya, ba ta ji inda aka ce a saki ba, in kuma akwai ƙari a kira jama'a a sake zama. Bai kira ba.

Damina ta gaba ba a ɗebi kowa aikin hanya ba. Maza suka bi gonakinsu suka tuge abin da ya fito tun yana ɗanye, suka tara a rami suka ƙone, dawa ta yi kyau gwargwado. Sale ya kawo wa Kubura dami guda har zaure, ya ajiye shi daidai gindin furannin. Nata'ala kuwa har ya bar duniya yana gaya wa baƙi yadda asabarinsa ya ceci gari.

Kubura ta yi shekara goma sha wani abu bayan haka, tana tuya, tana matsa, duk rani tana bin bangonta da sabon mai. Ta ƙara gurjiya mai jan fure a gefen dabino, ta ƙara wani dutse da ta ce ta manta da shi. Amare suka fara roƙo ta sa musu bado ko tafasa a ɗaka, tana yi musu, kuma kowace sai ta tambaye ta, fuska ba dariya, ko a ƙara mata ƙuduji ɗaya a bayan ƙofa.

Bayan rasuwarta babu mai yaɓe zauren, damina ta huɗu ya zube ya zama tudu. Ƙasa ce mai kyau, ta sha makuba, ta sha mai, irin wadda manomi ke mafarki. Jakan Kafin Alheri sun yi ta wucewa ta gefenta da mangala wofi shekara da shekaru, ba wanda ya tsayar da nasa ya ɗebi ƙasar.